Sana'ar Wankin Kafet da Darduma: Matsalolin da Mai Ƙaramin Jari Ke Fuskanta

A can baya, in ban da fadar sarki da gidajen attajirai da na manyan ma'aikata, da wuya mutum ya shiga ɗaki a karkarar Jihar Jigawa ya tarar da wata shimfiɗa da ta wuce tabarmar kaba ko buzu, sai kuwa ledar tsakar ɗaki da ta zo daga baya. A yau al'amari ya canza. Kafet ya shiga jerin kayan ɗakin amarya, ya shiga zauren dagaci da ofisoshin ƙananan hukumomi, kuma masallatai da yawa, har da na ƙauyuka, an shimfiɗe su da darduma tun daga wurin tsayuwar liman har sahun ƙarshe. Ita tabarma karkaɗewa kawai take buƙata, amma shi kafet dole wata rana ya sha ruwa da sabulu, kuma ba kowane gida ne yake da ruwa da fili da ƙarfin yin hakan ba. Wannan buƙata ce ta haifar da sana'ar wankin kafet da darduma, wadda aka fi ganinta a gefen wuraren wankin mota na garuruwa irin su Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, kafin ta fara gangarowa hedkwatocin ƙananan hukumomi da garuruwa masu kasuwa.

Mun ga ya dace mu yi wannan bayani ne saboda mutane iri uku: matashin da ke shawarar shiga sana'ar, da uba ko yayan da zai sayar da hatsi ko dabba ya ba shi jari, da kuma jami'an ƙananan hukumomi da masu unguwanni waɗanda wurin sana'ar zai kasance a ƙarƙashin kulawarsu. Mai kallo daga nesa zai ɗauka cewa buroshi da garin sabulu da ƙarfin damtse sun wadatar. Gaskiyar magana kuwa ita ce wankin kansa shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, domin ana iya koyonsa cikin 'yan makonni. Abin da ke durƙusar da masu ƙaramin jari yana kewaye da wankin ne, wato ruwan da za a yi shi da shi, da bushewar kayan bayan an gama, da kuma nauyin dukiyar mutane wadda sau da yawa darajarta ta fi jarin mai sana'ar gaba ɗaya.

Ruwa

Kafet yana da kaurin zare, bayansa kuma yana riƙe ruwa, saboda haka jiƙa shi kaɗai yana cin ruwa mai yawa, ɗaurayarsa kuma ta fi wankin ci. Duk sabulun da ya rage a cikin zare yakan bushe ya yi danƙo ya riƙa kama ƙura, sai mai kaya ya ga kafet ɗinsa ya sake yin dauɗa cikin ɗan lokaci ya ce ba a wanke masa da kyau ba. Mai wankin da ke sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa kullum zuciyarsa tana raya masa ya rage ɗauraya domin ya tsira da riba, kuma a daidai nan ne yake fara rasa abokan ciniki ba tare da ya san dalili ba.

Samun ruwa kuma ba ɗaya ba ne a faɗin jihar. Wajen Dutse da Birnin Kudu da Gwaram da Kazaure ƙasa tana kan dutse ne, a wasu wuraren sai an yi bincike sosai kafin a dace da ruwa, kuma rijiyoyi kan ja baya ƙwarai da bazara. Yankin arewa maso gabas kuwa, wajen Haɗeja da kewaye, ƙasarsa rairayi ce da yumɓu mai zurfi wadda ta fi riƙe ruwa a ƙarƙashi. Don haka lissafin da ya yi wa wani daidai a Haɗeja ba lallai ne ya yi wa wani a Gwaram ba. Shawararmu ga duk mai niyyar kafa wuri ita ce kafin ya sayi ko da buroshi, ya je ya duba rijiyar da zai dogara da ita a cikin watan Afrilu ko Mayu. Wanda ya gwada rijiya da kaka, lokacin da kowane kududdufi yake cike, ya yaudari kansa.

Har ila yau, rijiyoyin burtsatse da famfunan tuƙa-tuƙa da aka gina wa jama'a an gina su ne domin sha da girki da alwala. Mai sana'ar da ya kafa jarkokinsa a gindin famfon unguwa tun da asuba, mata da yara suna layi a bayansa, ba zai daɗe ba zai ji ƙorafi a zauren mai unguwa, kuma masu ƙorafin su ne da gaskiya. Idan babu makawa sai an yi amfani da ruwan jama'a, to a yi yarjejeniya da kwamitin da ke kula da shi a kan lokacin ɗiba da kuma abin da mai sana'ar zai riƙa bayarwa na gyara.

Akwai hanya guda ta rage cin ruwa wadda ba ta buƙatar ko kobo, amma masu gaggawa sukan tsallake ta. Sunan jiharmu ma daga tudun rairayi ya samo asali, kuma mafi yawan dauɗar da ke cikin kafet a nan busasshiya ce, wato rairayi da ƙura da suka shige gindin zare. Idan aka zuba ruwa kafin a fitar da su sai su zama taɓo, a yi ta ɗauraya ruwa yana fitowa ja. Kamata ya yi a kifa kafet a buge bayansa da sanda, a ɗaga a share abin da ya zubo, a maimaita har ya daina zubowa, ko a bi shi da injin zuƙar ƙura in akwai. Wannan rairayi, in aka bar shi, shi ne ke cin zaren kafet daga ƙasa kamar zarto duk lokacin da aka taka.

Shanya da lokutan shekara

A nan ne sana'ar take da wuya, kuma a nan ne aka fi yin asara. Kafet da ya jiƙe yakan yi nauyin da sai mutum biyu ko uku su kama, kuma idan ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu da danshi a jikinsa funfuna takan fara kama shi. Warin da take bari ba ya fita da turare, sai dai a sake wanki daga farko da ruwa da sabulun mai sana'a, wani lokaci ma bayan kafet ɗin ya riga ya ruɓe. Ban da haka, ɗakin da aka shimfiɗa irin wannan kafet yana tayar wa masu ciwon asma da ƙananan yara tari.

Abin da aka saba gani shi ne a baje kayan a ƙasa ko a kan katanga a bar wa rana. Da rani wannan yana yi, ko da yake rana mai zafi tana kashe launi, don haka ya fi kyau a juya bayan kafet sama. Da hunturu iska busasshiya ce, kaya suna bushewa da sauri, amma hazo yana sauka a kan jiƙaƙƙen zare ya manne, sai a kwashe kafet da yamma ya fi yadda aka kawo shi fari. Da kaka akwai raɓa, wadda za ta mayar da aikin yini baya idan aka bar kaya suka kwana a waje. Damina kuwa, musamman watan Agusta, ana iya yin kwanaki rana ba ta fito sosai ba, kuma hadari ɗaya na la'asar ya isa ya jiƙa abin da aka shanya tun hantsi.

Sai a haɗa wannan da lokacin da jama'a suke kawo kaya. Cinikin wankin kafet yana tashi ne gab da azumi, lokacin da kwamitocin masallatai ke shirin tarawihi da tafsiri, da makon ƙaramar Sallah da na babbar Sallah, da lokacin dawowar alhazai, da kuma bayan kaka da bukukuwan aure suke yawaita. In ban da na ƙarshen, duk waɗannan da watan Musulunci suke tafiya, shi kuwa yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2011 azumi ya faɗa cikin Agusta kusan gaba ɗayansa, wato ruwan wanki a wadace amma babu ranar shanya. A 2024 an fara azumi ranar 11 ga Maris, a 2025 kuma ranar 1 ga Maris, wato ga rana har ta yi yawa amma rijiyoyi sun fara ja. Babbar Sallah ta waɗannan shekaru biyu ta zo ne a watan Yuni, farkon damina. Ma'anar wannan ita ce mai sana'ar da ya tsara wurinsa a kan yanayin shekarar da ya fara kawai, bayan wasu shekaru zai tarar cewa lokacin cinikinsa ya koma wani yanayi dabam wanda bai shirya masa ba.

A ganinmu, kuɗin da matashi yake ɗokin kai wa mai sayar da inji ya fi dacewa ya fara kashe wani abu daga ciki wajen yin rumfa mai rufin kwano wadda gefunanta suke buɗe, da dogayen ƙarafa ko azara masu ƙarfi da za a rataya kafet a kansu iska ta ratsa shi ta ciki da waje. Kafin a rataya kuma a tatse ruwan da katako mai santsi ko roba, ana bin kwanciyar zaren, sannan a naɗe shi a jingine a tsaye ya tsiyaye. Lissafin fili ma ba shi da wuya: kafet mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 yana cin fili murabba'in mita 12, idan guda 10 ne aka baje a ƙasa sai an sami murabba'in mita 120, ba a ma zo kan dardumar masallacin Juma'a ba. Abin da wurin shanya zai iya ɗauka shi ne iyakar abin da ya kamata a karɓa a rana. Ya fi mutunci a ce wa mai kaya ya dawo bayan Sallah da a karɓa a yi masa alkawarin jajibiri, wankin hula ya kai mutum dare, a naɗe masa kafet da sauran danshi a ciki. Idan kaya sun bushe kuma, naɗewa ake yi ba ninkewa ba, a ajiye su a kan katako nesa da ƙasa saboda gara da ɓera.

Kayan mutane

Mafi yawan kafet da ake kawowa daga kasuwannin Kano na zaren roba ne, irin su nailan da foliyesta da danginsu. Waɗannan suna jure ruwa da sabulu amma ba sa jure zafi, garwashi ɗaya daga kaskon turaren wuta ya isa ya narka su, kuma wanki ba ya gyara ƙuna. Akwai kuma na ulu, wato gashin tumaki, irin waɗanda ake saƙawa a Turkiyya da Iran, wasu alhazai ke zuwa da su tsaraba. Ulu ba ya son garin sabulu mai kaifi, ruwan zafi yana sa shi ya tsuke, ruwan bilic kuwa cinye shi yake yi. Mai shakkar irin zaren da ke gabansa yana iya zare ɗan ƙaramin sili daga gefe ya kusanta shi da ashana: na roba zai narke ya dunƙule ya yi tauri, na ulu kuwa zai yi ƙaurin gashi ya zama toka mai murmushewa. Haka kuma a duba bayan kafet, domin wanda aka yi wa baya da zare irin na buhun algarara yakan tsuke idan ya sha ruwa da yawa, ya kuma fitar da wani launi ruwan ƙasa ya ɓata fuskar.

Gwajin launi ma wajibi ne. A jiƙa farin ƙyalle da ruwan sabulun da za a yi aiki da shi a danna a wani lungu na kafet, musamman kan ja da shuɗi, idan launi ya biyo ƙyallen to a san cewa zai zuba. Tabo kuma kowane da maganinsa. Jini da madara da ƙwai ruwan sanyi suke so, ruwan zafi dafa su yake yi su zauna daram. Manja da man gyaɗa da turare mai maiƙo sai an fara tsane su da ƙyalle, ba a dirza ba, kafin a sa sabulun wanke kwano kaɗan. Lalle da tawada da ruwan rini kuwa su kansu rini ne, sau da yawa ba sa fita, kuma gara a faɗa wa mai kaya haka tun yana tsaye da a yi ta dirza har wurin ya sule. Muna kuma gargaɗi da babbar murya cewa kada a kuskura a haɗa ruwan bilic da maganin wanke masai ko wani sinadari mai tsami, domin haɗin yana fitar da iska mai guba wadda ke ƙona huhu.

Akwai wani fanni da mai wanki a ƙasarmu ba zai yi sakaci da shi ba, wato tsarki. Dardumar masallaci da kafet ɗin ɗakin da ake salla a kansa, wanda yara suka yi wa fitsari, ba haske kaɗai mai su yake nema ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun bayyana cewa ruwan da ke kawar da hukuncin najasa shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canza da wani abu irin sabulu ba. Saboda haka ɗaurayar ƙarshe da ruwa zalla, har sai ya fito garau, wajibi ce ta fuska biyu, ta sana'a da ta addini. Bai kuma kamata a tsoma dardumar masallaci a ruwan da aka riga aka wanke wasu kaya a ciki ba, ko a shanya ta inda dabbobi ke bi. Mai sana'a ya nemi ƙarin bayani wurin malaman garinsu.

Dangane da asara kuma, ya kamata duk mai shiga sana'ar ya sani cewa a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa shi ne da lamuninsu idan suka ɓata ko suka lalace, sai fa in akwai shaidar da ta wanke shi. Kafet ɗaya na ulu da ya zuba ko aka sace daga wurin shanya yana iya cinye ribar watanni. Kariyar da mai ƙaramin jari yake da ita ba ta wuce littafi da biro da wayar hannu ba. A buɗe kafet gaban wanda ya kawo shi, a auna, a nuna masa duk wata ƙuna ko yagewa ko tabo da ke jiki, a ɗauki hoto, a rubuta suna da launi da kuɗi da ranar karɓa a takarda biyu, a ɗaura lamba a jikin kayan. Da yake matan aure da yawa yaro suke aikowa, wani lokaci wanda ya kawo dabam wanda zai karɓa dabam, kada a miƙa kaya sai ga mai riƙe da takarda. A kuma faɗa tun farko iyakar kwanakin da za a ajiye kayan da ba a zo karɓa ba.

Shi kuwa kafet mai bango da bango wanda ba ya ɗaguwa, dole a bi shi har ɗaki, kuma kowa ya san cewa gidajenmu ba a shiga sai da izinin mai gida. Wannan ya sa samari suke rasa irin wannan aiki, alhali ga mata da za su iya yinsa cikin sauƙi idan aka koya musu aka kuma haɗa su da ƙaramin inji mai tsotse ruwa. Sassan kula da harkokin mata na ƙananan hukumomi suna iya duba wannan yayin da suke zaɓen sana'o'in da za a koyar a cibiyoyinsu.

Kuɗin aiki da farashi

Injin feshin ruwa da na zuƙar ƙura da famfon jan ruwa daga waje ake shigo da su, su da kayan gyaransu, don haka farashinsu da canjin kuɗi yake tafiya. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan kimanin naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Man fetur da janareta ke sha, bayan sanarwar janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ya tashi daga ƙasa da naira 200 kowace lita zuwa kimanin naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a ƙarshen 2024 ya wuce naira 1,000 a wurare da dama. Abin lura shi ne mai kawo wanki bai san da wannan lissafi ba, kuɗin da ya biya bara shi ne a ransa. Mai sana'ar da ke yanka farashi da ido, ko yake bin abin da maƙwabcinsa ya faɗa domin kada ciniki ya wuce shi, yana iya yini yana aiki alhali uwar kuɗi yake ci. Hanyar da ta fi ita ce a auna kafet da awo, a san abin da kowane murabba'in mita yake ci na ruwa da sabulu da mai da ladan yara da kuɗin ɗauko kaya da mayarwa, a ƙara wani abu da za a riƙa warewa domin ranar da inji zai tsaya, sannan a ɗora riba. A rubuta farashin a allo kowa ya gani.

Bashi hanji ne, in ji masu iya magana, amma a wannan sana'a yana da zafi na musamman, domin an riga an ƙone mai an zubar da ruwa, babu abin da za a karɓo a mayar kanti. 'Yan uwa da abokai suna ganin ai ruwa ne kawai da sabulu. Kwamitin masallaci yana sa ran a yi fi sabilillahi, wanda alheri ne ga mai hali, amma ya kamata a kalla a biya kuɗin kayan aiki. Ofisoshi kuma sukan ba da aiki mai yawa sannan takardar biya ta daɗe tana yawo daga tebur zuwa tebur. Muna kira ga ma'ajin kuɗi da shugabannin sassa na ƙananan hukumomi da su gane cewa jinkirin da ɗan kwangila zai iya jurewa yana iya rufe wurin mai wanki.

Tsakanin Sallah da Sallah akwai watannin da aiki yake ja baya, shi ya sa waɗanda suka ɗore sukan haɗa da wankin mota da babur, ko na kujeru da barguna da labule. A irin waɗannan watanni ne kuma yaran da aka koya wa aiki suke watsewa, wasu su tafi ci-rani, wasu su koma gona da saukar damina. Babu laifi a fara da hannu, a tara ta hanyar adashi ko ƙungiyar gama kai, a sayi inji bayan an ga yawan aikin da garin zai iya bayarwa. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023 ya nuna amfanin buɗe asusun banki. Yin rajistar sunan sana'a da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, CAC, yana sauƙaƙa karɓar aikin ofisoshi da neman rance, kuma hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, SMEDAN, wadda aka kafa da dokar 2003, da Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, suna da shirye-shiryen horarwa da ya kamata a riƙa bibiya.

Abin da ya rataya a wuyan ƙananan hukumomi

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kula da shaguna da wuraren wanki, da gina magudanan ruwa da gyaransu, da kawar da shara da ƙazantaccen ruwa, a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ba ta ikon bayar da izinin mallakar fili na gargajiya a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birane ba. Ke nan jami'an ƙananan hukumominmu 27 suna da hurumin shiga wannan al'amari tun kafin a kafa wuri, ba sai ranar karɓar haraji ba.

Babban abin dubawa shi ne inda ruwan wanki zai tafi. Ruwan da aka saki kan hanya yana cin titi da gindin katangar ƙasa, ya kwanta ya tara sauro, ya haddasa faɗa da maƙwabta. Ya kamata wurin wanki ya kasance da daɓen siminti mai ɗan gangare, da ƙaramin rami da zai tare rairayi da zare, sannan ramin tsotse ruwa wanda aka cika da duwatsu. Masana tsaftar muhalli suna ba da shawarar a nisanta irin wannan rami da rijiyar sha da a kalla mita 30, kuma a ƙasa mai rairayi, inda ruwa ke saurin ratsawa, gara a ƙara. Kai kafet bakin kogin Haɗeja ko tafkunan fadama a wanke, ko da yake yana da arha, yana zuba sabulu da bilic a ruwan da masunta da makiyaya da masu lambu suka dogara da shi. Duba-gari su riƙa lura da cewa janareta yana sarari ba cikin shago ba, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba, wayoyin lantarki kuma ba sa kwance cikin ruwa, ma'aikata suna da takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci lokacin bugun ƙura, kuma ba a sa ƙananan yara ko almajirai aikin sinadarai.

Game da kuɗin shiga, tun a 1998 aka kafa dokar da ta jera irin harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta kuma hana tare hanya domin karɓarsa. Mai sana'a ya biya abin da doka ta ɗora masa ya karɓi rasit na hukuma ya adana, duk wanda ya zo neman kuɗi ba tare da rasit ba a kai maganarsa ga shugaban sashen kuɗi na ƙaramar hukuma. Inda masu wanki suka kai uku ko huɗu a gari ɗaya, hakimi da shugaban ƙaramar hukuma suna iya ware musu fili guda a bayan gari kusa da hanya, su haɗa kuɗi su haƙa rijiya ɗaya mai famfon hasken rana, su yi rumfar shanya ɗaya da ramin ruwa ɗaya, su ɗauki mai gadi ɗaya. Masu buƙatar irin wannan fili su fara da mai unguwa da dagaci, sannan su rubuta takardar nema zuwa ga sashen ayyuka na ƙaramar hukumarsu, tare da bayanin inda za su sami ruwa da inda zai tafi bayan an gama da shi.